Tsohon Asibiti a Ƙarƙashin Kariyar Doka: Bango Ake Tsarewa ko Iska?

A cikin gine-ginen da hukumomi ke sanyawa ƙarƙashin kariyar doka saboda tarihinsu, da wuya a sami wanda ya kai asibiti wuyar sha'ani. Masallacin da ya shekara 200 yana iya ci gaba da aikinsa ba tare da an taɓa fasalinsa ba, domin sahu bai canza ba, alƙibla kuma ba ta gusa ba. Ganuwa ma, tun da aka daina yaƙin dawaki, ba a neman komai a wurinta illa ta tsaya. Asibiti kuwa an zana shi ne a kan fahimtar da likitocin zamaninsa suke da ita game da yadda cuta ke kama mutum da yadda take tsallakawa daga wannan gado zuwa wancan, kuma ita wannan fahimta ba ta zama wuri guda. Duk lokacin da ilimin likitanci ya ci gaba, sai ginin ya yi wa aikin kaɗan, a shiga fasa nan ana toshe can, har a wayi gari sunan yana nan, fuskar tana nan, amma hikimar da ta sa aka yi shi a haka ta tafi.

A ganina darajar tsohon asibiti ba a fuskarsa take ba. Tana cikin tazarar da aka bari tsakanin ɗaki da ɗaki, da nisan rufi daga ƙasa, da yadda taga ke kallon 'yar'uwarta, da filin da aka ƙi ginawa da gangan. Waɗannan su ne dokar adana kayan tarihi ta fi saurin mantawa da su, domin ba sa fitowa a hoto, kuma su ne suke fara salwanta idan gadaje suka yi ƙaranci. Ginin da ya fi bayyana wannan shi ne asibitin Sant Pau da ke birnin Basalona na ƙasar Sifaniya, amma tambayar da yake tayarwa ta shafi Zariya kai tsaye, garin da ke da asibitocin da suka kwana biyu a Wusasa da Tudun Wada da Saye.

Ba za a fahimci irin wannan gini ba sai an san tsoron da ya haife shi. A ƙarni na 18 manyan asibitocin Turai wurare ne da talaka ke shiga da fargaba, domin ana cusa marasa lafiya da dama a gado ɗaya, kuma wanda ya zo da karaya yana iya fita a makara saboda zazzaɓin da ya ɗauka a ciki. Bayan gobarar da ta ci wani ɓangare na babban asibitin Hôtel-Dieu na birnin Faris a 1772, masana suka shafe shekaru suna muhawara kan yadda za a sake gina shi, kuma ra'ayin da ya rinjaya shi ne a daina tara kowa a ƙarƙashin rufi ɗaya, a rarraba asibiti zuwa dogayen ɗakuna masu zaman kansu, kowanne iska na ratsa shi ta ɓangare biyu. Asibitin Lariboisière da aka buɗe a Faris a 1854 ya zama abin koyi. Sannan Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, bayan mace-macen sojoji da ta gani a asibitin Scutari lokacin yaƙin Kirimiya, ta dage a kan wannan tsari har ya zama ƙa'ida a Ingila da ƙasashen da take mulka, kuma a kansa aka gina asibitin St Thomas na Landan da aka buɗe a 1871.

Fasalin ɗakin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa jinya ko dubiya a tsohon asibitin gwamnati. Dogon ɗaki ne mai gadaje kamar 30 a jere biyu, kawunansu suna jingine da bango, da taga tsakanin gado da gado, kowace taga kuma tana fuskantar wata a ɗaya bangon. Makewayi da wurin wanka suna can ƙarshe a ware, teburin ma'aikaciyar jinya kuma yana inda za ta ɗaga kai ta ga kowa. Abin lura shi ne dalilin da suka dogara da shi kuskure ne, domin sun ɗauka wari da gurɓatacciyar iska su ne cutar kanta, kuma sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka. Duk da haka tsarin ya yi aiki, tun da yake nisanta gadaje da yawaita iska da hasken rana suna rage yaɗuwar ƙwayar cuta ko da mai ginin bai san da ita ba.

A kan wannan tunani aka gina asibitin Sant Pau na Basalona, sai dai an kai shi wani matsayi da ba a saba gani ba. Asalinsa tsohon asibiti ne da aka kafa a 1401 ta hanyar haɗe ƙananan asibitoci 6 na birnin, wanda ya zauna a cikin tsohuwar unguwa har cunkoso ya shaƙe shi. Wani ɗan banki mai suna Pau Gil da ya rasu a Faris a 1896 ya bar wasiyyar a gina sabon asibiti da dukiyarsa, aka danƙa zanen a hannun Lluís Domènech i Montaner, aka aza harsashi a 1902. Ya zana gidaje 48 masu zaman kansu a fili mai girman rukunin gidaje 9 na sabuwar unguwar birnin, amma 27 kawai aka gina, kuma bai ga ƙarshen aikin ba, domin ya rasu a 1923, ɗansa Pere Domènech i Roura ya ci gaba, Sarki Alfonso na 13 ya buɗe shi a 1930.

Masu yawon buɗe ido da ke zuwa wurin a yau ado suke kallo: jan bulo, da ƙubbobi masu tayil kala-kala, da sassaƙe-sassaƙen dutse. Amma hukunci mafi muhimmanci da mai zanen ya yanke ba a ganinsa sai a taswira. Titunan wannan yanki na Basalona a jere suke tamkar an ja su da rula, shi kuwa sai ya karkatar da asibitin gaba ɗaya da digiri 45 daga jerin titunan, domin ɗakunan su sami rana da iska yadda yake so, ba yadda titi ya tilasta ba. Ya jera ɗakunan kwana a gefe biyu na wata doguwar farfajiya, na maza a ɓangare ɗaya, na mata a ɗaya ɓangaren, rabon da ba zai zama baƙo ga mutumin Zazzau ba. Tsakanin kowane ɗaki da na kusa da shi ya bar lambu, har lissafin ya kama cewa kowane majinyaci yana da kimanin murabba'in mita 145 idan aka haɗa da lambun. Da yake raba ɗakuna yana jawo wahalar kai abinci da magani da kayan wanki, sai ya haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa da hanyoyi, ta yadda zirga-zirgar aiki na ƙasa, saman kuma an bar wa mai samun sauƙi ya fito ya sha iska.

Idan aka matso kusa da ɗaki guda, sai a ga cewa adon ma aiki yake yi. Tayil ɗin da aka lulluɓe bango da rufi da shi ba don kyau kaɗai ba ne, abu ne da ake wankewa da ruwa ba ya riƙe dauɗa, kuma an zaɓi launuka masu sanyi saboda mutumin da zai kwana ya yini yana kallon sama. A jikin kowane ɗaki akwai wani kewayayyen ɗakin zama mai yawan tagogi inda marasa lafiya ke hutawa da rana, da kuma siririyar hasumiya da ke ɗauke da tankin ruwa, wadda mai kallo daga nesa zai ɗauka kwalliya ce. Gidan tiyata yana tsakiyar farfajiya, kuma ɗakin fiɗar yana da bangon gilashi da ke kallon arewa, domin hasken da ke zuwa daga can ba ya kaifi kuma ba ya jefa inuwa mai yawo a kan hannun likita. Wanda ya tsara wannan ya yi tunanin mai fiɗa ne a zamanin da ba a gama dogara da fitilar lantarki ba.

To, amma ko wannan gini bai tsira ba. A tsawon ƙarni na 20 likitanci ya sauya gaba ɗaya: magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun bazu daga shekarun 1940, injin hawa bene da na sanyaya ɗaki sun sa ana iya tara asibiti a dogon bene ɗaya, na'urorin hoto da ɗakunan gwaji kuma suna son a kusanta su da juna. Sai aka shiga raba dogayen ɗakunan Sant Pau da bangaye, ana saka ƙarin daɓe a tsakiyar tsayinsu don a mai da hawa ɗaya ya zama biyu, ana manna sababbin gine-gine a jikinsu. An ayyana shi a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1978, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin kayan tarihi na duniya a 1997, amma bai sami sararin numfashi ba sai a 2009, lokacin da aikin asibitin ya koma sabon gini a gefen filin. Daga nan aka bi ɗakunan ana cire abin da aka cusa musu, aka buɗe wurin ga jama'a a 2014, wasu gidajen kuma aka ba ƙungiyoyi suna ofis a ciki.

A nan ne gizo ke saƙar. Da yawa daga cikin asibitocin da duniya ke alfahari da tarihinsu sun tsira ne ta hanyar daina zama asibiti. Wanda Sarki Nuruddin Zangi ya gina a Dimashƙ a 1154, mai tsakar gida da tafki da manyan rumfuna huɗu suna kallon juna, gidan tarihin likitanci ne a yau. Na Divriği a Turkiyya, da aka fara a 1228 a jikin masallaci, masu ziyara ne ke shigarsa, ba marasa lafiya ba. (Waɗannan biyun kuma suna tunatar da mu cewa neman iska da inuwa da ruwa ga mara lafiya ba Turawa suka fara shi ba.) Birni mai arziki yana iya gina sabon asibiti ya ajiye tsohon don kallo. Garin da mata ke naƙuda a kan benci saboda rashin gado ba zai karɓi wannan shawara ba, kuma ba ni ganin laifinsa. Saboda haka idan za a yi maganar kare tsofaffin asibitoci a wajenmu, dole ta zama maganar kare ginin da ke kan aiki.

Tsarin rarrabben asibiti ya iso Arewa ne tare da mulkin mallaka da 'yan mishan, kuma ya zo da nasa tabon. Tsoron cuta ne ya sa dokar birane ta 1917 ta zo da ƙa'idar barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, haka kuma aka ware asibitin Bature daban da na baƙar fata. Wato tazarar da ke ceton rai a tsakanin ɗakuna ita ce aka miƙa ta zama wariya a tsakanin mutane, kuma mai son adana waɗannan gine-gine bai kamata ya ɓoye hakan ba. A Zariya, Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ta cocin Angilika ya zauna a cikin birni daga 1905, sannan a 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa a gindin Kufena, inda asibitin St Luke yake har yanzu, kusa da majami'ar St Bartholomew da aka gina da ƙasa a salon ginin Hausa. Daga cikin al'ummar wannan mishan Dokta Barau Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda tushensa ke komawa 1967, ya daɗe yana aiki a Tudun Wada kafin ya koma mazauninsa na Shika a 2005, shekaru 4 kafin Sant Pau ya yi irin wannan ƙaura. Saye kuwa, inda cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta take, darasinta a wurin zamanta yake, domin nisanta irin waɗannan cibiyoyi daga gari wani ɓangare ne na tsarin jinyar wancan zamani, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan kuturta a 1981, wanda ya sa ba sai an keɓe majinyaci shekara da shekaru ba.

Masu zanen asibitocin ƙasar nan sun yi wa tsarin gyaran da yanayinmu ke so. Ƙa'idar gini a ƙasa mai zafi ita ce dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, domin ranar hantsi da ta la'asar, masu shigowa a kwance, su bugi gajerun bangaye kawai. Maginan gargajiya sun riga kowa sanin rabin wannan magana, tun da sun san bangon gabas ne hadari ke duka, shi ya sa ya fi cin yaɓe. Aka ɗaga rufin kwano aka bar sarari tsakaninsa da silin, aka saka ƙananan tagogi a sama don zafi ya fita, aka kewaye ɗaki da baranda, aka haɗa ɗakuna da hanya mai rumfa, aka dasa darbejiya da maɗaci da mangwaro a tsakani. Barandar nan kuma ta ɗauki wani aiki da babu shi a lissafin Nightingale. A asibitinmu mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai. Mai jinya tana nan da tabarmarta da buta da kular abinci, ita ce mai sayo magani, ita ce mai juya shi, ita ce mai wanki, da la'asar kuma 'yan dubiya su cika wurin ana "Sannu, ya jiki?" ana "Allah ya ƙara sauƙi". Duk wannan jama'a baranda da gindin itace ne ke ɗauke su, ta yadda ba sai sun cunkushe tsakanin gadaje ba.

Yadda irin wannan ɗaki ke mutuwa ba rana ɗaya ba ne, kuma babu wanda ke yinsa da mugunta. Da farko ana buƙatar wurin karɓar kuɗi ko ajiye magani, sai a toshe kusurwar baranda da bulo, bayan shekara biyu a toshe sauran. Tagogin luba sun farfashe, ɗan kwangila ya kawo na alminiyon masu zamiya, waɗanda komai ƙoƙarin mutum rabinsu kaɗai ke buɗewa, alhali na da suna buɗewa kusan gaba ɗaya. Silin ya tsufa, sai a yi sabo a ƙasa da shi, ƙananan tagogin sama su shige ciki su ɓace. Sannan wani mai hali ko ɗan majalisa ya ba da kyautar sabon ɗaki, a duba ina ne babu gini, sai a ga filin da ke tsakanin ɗakin maza da na mata, a sare itatuwan a dasa shi a nan. A ƙarshe ɗakin ya zama ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar bazara kuma janareta ba mai, marasa lafiya su kwana cikin gumi suna shaƙar numfashin juna. Daga bakin titi ginin yana nan yadda aka san shi, har an yi masa sabon fenti. Tamkar babbar riga ce da aka ɗinke wuyanta da hannuwanta, a ce ai aska tara ɗin tana nan ba a taɓa ba.

Wannan ba begen zamanin da ba ne, domin an auna abin. A wani bincike da aka wallafa a 2007, an gwada shigar iska a asibitoci 8 na birnin Lima a ƙasar Peru, aka tarar cewa a ɗakunan da aka gina kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, iskar ɗaki tana sauyawa kimanin sau 40 a awa idan an buɗe ƙofofi da tagogi, alhali a sababbin ɗakuna sau 17 ne. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan amfani da iskar Allah wajen hana yaɗuwar cuta a asibiti, inda ta nemi lita 60 a daƙiƙa ga kowane majinyaci a ɗakin kwana na gama-gari. Ga ƙasar da ke cikin masu fama da tarin fuka a duniya, kuma wutar lantarkinta ba abin dogaro ba ce, tsohon ɗaki mai tagogi biyu suna kallon juna na'urar kiwon lafiya ce da ba ta cin mai. Annobar korona ta 2020 ta sake tunatar da likitoci wannan.

Sai dai adalci ya sa a faɗi inda tsarin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Tagar da ke shigo da iska ita ce ke shigo da ƙurar hunturu, mai ciwon ƙirji kuwa ba ya jure ta, kuma sanyin asubar Zariya a watan Janairu yana sa masu jinya su toshe kowace kafa da zane. Sauro yana bi ta nan da damina idan raga ta yage. Ɗaki mai gado 30 ba shi da sutura, ga mace musamman, labule kuma ba ya tare murya. Nisan da ke tsakanin gidaje yana cin ƙafar ma'aikata, yana kuma tsawaita bututun iskar shaƙa da wayoyin lantarki, a tura mutum a keken marasa lafiya cikin ruwan sama daga ɗakin hoto zuwa na tiyata. Ɗakin fiɗa na yau da ɗakin kulawa ta musamman suna buƙatar tatacciyar iska da rufaffen wuri, ba taga a buɗe ba. Wanda ya ce a bar komai yadda Bature ya bar shi bai san aikin asibiti ba, kamar yadda wanda ya ce a rushe duka bai san abin da zai rasa ba.

Ta fuskar doka, Najeriya ta fara da dokar kayan tarihi ta 1953, sannan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda sai da izininta ake taɓa ginin da aka ayyana. Jerin wuraren da aka ayyana ya daɗe a kan 65, kuma ya karkata ne ga fada da wurin ibada da ganuwa da kabari da gidajen manya, irin su Gidan Makama a Kano, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da gidan Madaki a Kafin Madaki. A ƙasar Zazzau akwai ganuwar birni da dutsen Kufena da tsohon masallacin Maigana. Wannan jeri yana nuna abin da muke ɗauka tarihi ne, wato inda aka yi mulki da inda aka yi ibada, ba inda talaka ya kwanta ya warke ko ya cika ba. Ko da an ƙara asibiti a ciki gobe, idan takardar ta tsaya a kan bango da rufi, an yi tuya an manta da albasa. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda masu adana gine-gine ke komawa gare ta, ta yarda a ci gaba da amfani da tsohon gini don amfanin jama'a, amma ta ce kada a sauya tsarinsa, kuma ta haɗa kariyar gini da kariyar muhallin da ke kewaye da shi. Ga asibiti, wannan sharaɗi na biyu shi ne kusan dukkan maganar.

Zariya tana da nata darasi a kan rabin kariya. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim yana daga cikin mafi ƙwarewar ginin ƙasa a Afirka ta Yamma, da bakan gizonsa da ginshiƙansa masu zane. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na siminti ya lulluɓe shi, aka bar wani ɓangare na tsohon a ciki. Wannan ya kare abin da ya rage daga ruwan sama, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ginin tubali da azara, amma siffarsa ta waje da yadda yake zaune a filin ƙofar fada sun tafi, mai son ganinsu sai ya je Jos, inda aka kwaikwayi masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski ya assasa. A masallaci an tsare ciki an rasa waje. Haɗarin asibiti akasin haka ne, a tsare waje a rasa ciki da tsakani.

Saboda haka takardar kariyar tsohon asibiti ya kamata ta yi magana da mita, ba da yabo ba. Ta ambaci faɗin filin da ke tsakanin ɗakuna ta hana gini a cikinsa, ta ambaci tsayin silin da girman kafar da taga za ta iya buɗewa, ta hana toshe baranda, ta ƙidaya manyan itatuwa a cikin abin da ake karewa. A ɗaya hannun kuma ta sakar wa masu asibiti mara a kan abin da bai taɓa iska da haske ba: su sauya famfo da waya, su yi gangaren keke a bakin ƙofa, su sa raga, su yi gajerun shamaki tsakanin gadaje waɗanda ba su kai silin ba, su cire tsohon rufin asbesto da hannun ƙwararru. Inda bangon na ƙasa ne, a guji yaɓe shi da siminti, domin siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a bayansa ba a gani ba, sai ranar da ɓawon ya faɗo gaba ɗaya. Makuba da laso da yaɓen shekara-shekara su ne abokan ginin ƙasa, kuma maginan da suka iya su suna raguwa.

Rabon aiki tsakanin tsohon gini da sabo shi ne abin da za a iya ɗauka daga Basalona ba tare da an kori marasa lafiya ba. Tiyata da kulawa ta musamman da ɗakunan gwaji su koma sabon bene, a gina shi a gefen fili, ba a tsakanin tsofaffin ɗakuna ba. Su kuma tsofaffin a ba su aikin da iska ta fi kowace na'ura amfani a cikinsa, kamar asibitin ƙirji, da zauren jiran ganin likita inda mai tari da mai goyo ke zama benci ɗaya na awoyi, da ɗakin masu murmurewa, da wurin keɓe mutane idan sanƙarau ko ƙyanda suka ɓarke da bazara.

Kafin duk wannan akwai aikin awo, kuma shi ne mafi arha. Da ba a auna masallacin Babban Gwani an zana shi dalla-dalla ba, da na Jos bai yiwu ba. Sashen nazarin zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, kuma tsofaffin asibitocin Zariya duk suna kusa da shi. Ɗalibai da tef da takarda suna iya fitar da taswirar kowane ɗaki, su nuna wane bango ne na asali, wanne aka ƙara, wace taga aka toshe, sannan abokan aikinsu na tsangayar likitanci su auna iskar da ke shiga a hunturu da bazara da damina. Da irin wannan takarda ce shugaban asibiti zai iya nuna wa mai kyautar sabon ɗaki inda ya dace a aza harsashinsa.